Idan Baki Ya Karkace: Yadda Ake Duba Fuska, Gano Inda Jijiya Ta Samu Matsala, da Kare Ido

Mutum ya tashi da safe zai kurkure baki, sai ruwan ya tsiyayo ta gefe guda. Ya leƙa madubi, ya ga baki ya ja ɓari ɗaya, ido ɗaya kuma ya ƙi rufuwa. Hankalin kowa kan bakin yake komawa, domin shi ne ya sauya kamannin mutum. Amma a wurin wanda ya san aikin, baki ne na uku a layi. Goshi ake fara dubawa, domin shi zai nuna ko matsalar daga ƙwaƙwalwa take. Sai ido, domin shi ne abin da zai iya lalacewa har abada cikin 'yan kwanaki.

Tsokokin da ke motsa fuska

Yawancin tsokokin jiki daga ƙashi suke tashi su ƙare a kan wani ƙashin. Na fuska ba haka suke ba. Sirara ne, shimfiɗe ƙarƙashin fata, kuma cikin fatar suke ƙarewa, shi ya sa ɗan motsinsu kaɗan yake bayyana a fili. Sun kai wajen 20 a kowane ɓari, gwargwadon yadda aka ƙirga su, amma waɗanda mai duba marar lafiya yake buƙatar sani ba su da yawa.

A sama akwai tsokar goshi, wadda ke ɗaga gira ta jawo layukan nan na kwance. Tsakanin girare akwai ƙananan da ke haɗa gira idan an ɗaure fuska. Sai zoben tsoka da ya kewaye ido, wanda likitoci ke kira obikularis na ido. Aikinsa biyu ne: sashen da ke cikin fatar ido yana yin ƙiftawa, na waje kuma yana runtse ido da ƙarfi. Duk ƙiftawa tana shafa hawaye a kan ido, tana kuma tura ragowarsa cikin 'yar kafar da ke kai shi hanci.

A tsakiyar fuska, tsokar murmushi tana saukowa daga ƙashin kunci zuwa kusurwar baki, ta ja ta sama da waje. Kusa da ita akwai masu ɗaga leɓen sama da mai buɗa ƙofar hanci. Can ciki kuma akwai tsokar kumatu, wadda mutane ba sa sanin amfaninta sai ta daina aiki: ita ke matse kunci jikin haƙora don abinci ya tsaya inda ake tauna shi. Baki ma yana da nasa zoben, mai haɗa leɓɓa. A ƙasa akwai masu jan leɓen ƙasa da kusurwar baki, da ta haɓa, da wata faffaɗa da ta sauka har wuya.

Akwai tsokoki iri biyu da suke zaune a fuska amma ba jijiyar fuska ke sarrafa su ba, kuma sanin haka yana warware ruɗani mai yawa. Tsokokin tauna na muƙamuƙi suna ƙarƙashin jijiya ta biyar cikin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, don haka mai shanyewar fuska yana iya cizo da ƙarfinsa. Tsokar da ke ɗaga fatar ido ta sama kuwa tana ƙarƙashin jijiya ta uku. Shi ya sa idon yake buɗewa lafiya, rufuwa ce ke gagararsa. Idan ka ga fatar ido ta faɗo ta rufe ido, wannan wata matsala ce daban.

Hanyar da jijiyar take bi

Kalmar jijiya tana ɗaukar abu fiye da ɗaya, don haka a fayyace: ba jijiyar jini ake nufi a nan ba, ana nufin jijiyar da ke kai saƙon ƙwaƙwalwa zuwa tsoka. Irin waɗannan guda 12 ne ke fitowa daga kowane ɓari na ƙwaƙwalwa, ta fuska ita ce ta bakwai.

Daga tushen ƙwaƙwalwa take tashi, ta shiga kafar cikin kunne tare da jijiyar ji, sannan ta bi wani matsattsen rami mai lanƙwasa cikin ƙashin kunne. A wurin da ya fi ƙunci, faɗin ramin bai kai milimita ɗaya ba. Idan jijiyar ta kumbura a nan, ba ta da inda za ta faɗaɗa, sai ƙashin ya shaƙe ta.

Tana cikin ramin take fitar da rassa uku. Na farko yana zuwa wurin da ake samar da hawaye. Na biyu yana zuwa wata 'yar tsoka a tsakiyar kunne mai rage ƙarfin ƙara. Na uku yana ɗauko ɗanɗano daga kashi biyu cikin uku na gaban harshe, yana kuma sarrafa yawun da ke fitowa ta ƙarƙashin harshe da muƙamuƙi. Bayan nan sai ta fito ta wata kafa a ƙasan kunne, ta ratsa ƙullin yawu na gaban kunne, wato wanda ke kumbura a ciwon hangum, ta rabu gida biyar: reshen goshi, na ido, na kunci, na gefen muƙamuƙi da na wuya. Ɗora tafin hannunka a gaban kunne ka baza yatsu zuwa fuska, kusan haka rassan suke tafiya.

Amfanin sanin wannan jeri shi ne alamomin suna nuna inda aka samu matsalar. Wanda ɗanɗanonsa ya canja, ƙara take damunsa a kunne ɗaya, idonsa kuma ya bushe, tasa tana can cikin ƙashi. Wanda leɓen ƙasa kaɗai ya karkace, sauran fuska lafiya, a nemi dalili a waje, kusa da ƙullin yawu ko muƙamuƙi.

Yadda ake duba fuska

Zaunar da mutum yana fuskantarka a wuri mai haske. Kafin ya motsa komai, dubi fuskar tana hutawa: layukan goshi, tsayin girare, faɗin idanu, layin da ya sauko daga gefen hanci zuwa kusurwar baki. A ɓarin da ya shanye layin nan yana shafewa, kusurwar baki ta sauka, ido ya fi ɗan'uwansa girma.

A nan ake yawan yin kuskure. Baki yana karkata ne zuwa ɓarin da ke da lafiya, domin tsokokin can ne ke ja ba tare da mai ja musu ba. Marar lafiya zai nuna maka ɓarin da ya tattare ya ce shi ne ke ciwo, alhali wanda ya yi sumul, ba ya motsi, shi ne ya shanye.

Mataki na farko, ka ce ya ɗaga girarensa kamar mai mamaki. Wannan gwaji shi ne mafi muhimmanci, kuma dalilinsa yana cikin yadda aka tsara ƙwaƙwalwa. Tsokokin goshi suna karɓar umarni daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, na ƙasan fuska kuwa daga ɓangaren da ke ɗaya gefen kaɗai. Idan jini ya toshe ko ya fashe a ɓangare ɗaya na ƙwaƙwalwa, baki zai karkace amma goshi zai ci gaba da motsi, domin ɗaya ɓangaren yana riƙe da shi. Idan kuwa jijiyar ce da kanta ta samu matsala, ɓarin duka zai tsaya, daga goshi har haɓa. Abin kamar a juye yake: fuskar da ta fi muni a ido sau da yawa ita ce mai sauƙin dalili, wadda goshinta ke motsi lafiya ita ce ta gaggawa.

Kada a tsaya a goshi kaɗai, domin toshewa ko fashewar jijiyar jini a tushen ƙwaƙwalwa yana iya shanye ɓarin duka. Ka ce ya miƙe hannayensa biyu gaba, ya rufe ido na daƙiƙa goma, ka ga ko ɗaya zai sauka. Ka saurari maganarsa, ko kalmomi suna ɓace masa ko ba ya fahimtar abin da ake faɗa. Ka tambaye shi ko yana ganin abu biyu-biyu, ko jiri mai tsanani, ko tangaɗi, ko wahalar haɗiya, ko ciwon kai da bai taɓa jin irinsa ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan aka samu, ko goshi yana motsi, asibiti za a nufa nan take, a kuma riƙe lokacin da aka ga mutumin lafiya na ƙarshe. Allurar narkar da gudan jini tana da iyaka, galibi awa huɗu da rabi daga farawar alamu.

Mataki na biyu, ya rufe ido a hankali kamar mai barci, sannan ya runtse da ƙarfi. Duka biyun ake gwadawa, domin wani yana iya rufewa da ƙarfi amma a hankali sai a ga rata, kuma a hankalin ne ido yake rufuwa cikin barci. Auna ratar da milimita ka rubuta. Za ka ga ƙwayar idon ta juya sama, fari ya bayyana. Wannan ba ciwo ba ne, yawancin mutane haka idonsu yake yi idan sun rufe shi, kuma kariya ce. Wanda idonsa ba ya juyawa sama ya fi shiga haɗari.

Mataki na uku, ya yamutsa hanci, ya yi murmushi haƙora a waje, ya tsuke baki kamar mai fito, ya cika kumatu da iska ka ɗan danna, sannan ya ja leɓen ƙasa ƙasa. Ka ce ya faɗi kalmomi masu b, ɓ, m da f, domin da leɓɓa ake furta su kuma su ne ke fara lalacewa.

Mataki na huɗu shi ne wanda aka fi tsallakewa: kunne da baki da wuya. Leƙa cikin kunne da bayansa da ganɗa. Ƙuraje masu ruwa tare da ciwon kunne mai tsanani alama ce ta ciwon Ramsay Hunt, wanda ƙwayar cutar ƙarambau ke haddasawa idan ta farfaɗo bayan shekaru. Ya fi tsanani kuma warkewarsa ba ta kai ta sauran ba. Mugunya ko daɗaɗɗen ciwon kunne na buƙatar likitan kunne a ranar. Shafa gaban kunne da ƙasan muƙamuƙi ko akwai ƙari. A tambayi batun buguwa a kai, ciwon suga, juna biyu musamman watanni uku na ƙarshe, cutar HIV, kuturta, da cizon kaska a ƙasashen da ake samun cutar Laim.

Daga ƙarshe a ba shanyewar maki. Ma'aunin House da Brackmann, wanda aka fitar a 1985, yana da matakai shida: na ɗaya lafiya lau, na shida babu motsi ko kaɗan. Iyakar da ta fi amfani tana tsakanin na uku da na huɗu, domin a na uku ido yana rufuwa idan an yi ƙoƙari, daga na huɗu kuwa ba ya rufuwa duka. A ɗauki hoto da bidiyon waɗannan motsi a ranar farko. Bayan wata guda ba wanda zai tuna daidai yadda fuskar take.

Awa 72 na farko

Idan an duba duk waɗannan ba a samu dalili ba, kuma shanyewar ta zo farat ɗaya ta kai ƙololuwar tsananinta cikin kwana uku, ana kiranta shanyewar Bell, da sunan Charles Bell, likitan Sikotland da ya bayyana aikin jijiyar a 1821. Ita ce ta fi yawa, tana samun mutum 15 zuwa 30 cikin kowane 100,000 a shekara. Sau da yawa ciwon bayan kunne yana riga ta zuwa da kwana ɗaya ko biyu.

Maganinta rage kumburin jijiyar ne kafin matsin ya kashe zarenta. Ga babba, likita kan rubuta firednisolon miligiram 50 kullum na kwana 10, ko miligiram 60 na kwana biyar sannan a riƙa rage 10 kowace rana. Da safe ake sha, bayan an ci abinci. Amfaninsa ya fi tabbata idan an fara cikin awa 72, don haka "bari mu gani zuwa mako" asara ce. Ba magani ba ne da mutum zai saya da kansa: yana ɗaga suga da hawan jini, yana tayar da gyambon ciki, yana hana barci, kuma mai juna biyu da ƙaramin yaro hukuncinsu daban ne. Maganin ƙwayar cuta irin asaikilobiya ba ya wadatarwa shi kaɗai. Ana haɗa shi da firednisolon a ciwon Ramsay Hunt, wani lokaci kuma a shanyewa mai tsanani.

Kula da ido

Mutum yana ƙiftawa sau 15 zuwa 20 a minti ba tare da ya sani ba. Idan wannan ya tsaya, fatar nan garai-garai da ta lulluɓe baƙin ido tana bushewa, ta tsage, ƙwayoyin cuta su shiga, gyambo ya fito, ya bar tabon da zai rage gani ko da fuskar ta warke sarai.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne idon yana zubar da hawaye, sai su ɗauka ba ya bushewa. Hawayen yana zubowa ne saboda fatar ido ta ƙasa ta saki kuma babu ƙiftawar da za ta shafa shi sama. Yana taruwa a ƙasa ya gangaro kunci, tsakiyar idon kuma a bushe.

Da rana a ɗiga hawayen roba, wato maganin ɗigawa a ido mai kama da hawaye, duk awa ɗaya zuwa biyu, kuma tunda ana yawan ɗigawa, a nemi wanda ba a sa masa sinadarin adanawa ba. Lokaci-lokaci a sa yatsa mai tsabta a sauko da fatar ido a hankali, a yi wa idon ƙiftawar da ya kasa. A sa tabarau idan za a fita, a kauce wa iskar fanka ko na'urar sanyaya ɗaki da ke bugun fuska, a kare idon lokacin wanka.

Da dare aikin ya fi nauyi. A wanke hannu, a busar da fatar da ke kewaye da ido domin filasta ba ta kama fata mai maiƙo. A ja fatar ido ta ƙasa, a matsa man ido mai kauri tsawon kamar santimita ɗaya. A kalli ƙasa, a rufe idon da yatsa, sannan a manna filasta mai laushi ta takarda ko ta silikon, mai faɗin santimita biyu da rabi, a kwance daga gefen hanci zuwa bayan kusurwar ido. A gwada buɗewa. Idan ya buɗe, a sake. Kada a ɗora auduga ko bandeji a kan idon da ba a manne ba. Idon zai buɗe a ƙarƙashi cikin dare, audugar ta kwana tana gogar sa, ɓarnar ta fi ta barinsa a buɗe. Da safe a jiƙa filastar a cire ta a hankali.

Ja, zafi, jin kamar yashi da bai tafi da ɗigon magani ba, gudun haske, dishi-dishin da ba na man ido ba, ko farin ɗigo a kan baƙin ido, duk na likitan ido ne a ranar.

Ci da sha kuma dabara suke so. A tauna ta ɓarin lafiya, ƙaramar loma, a sha da kofi mai siririn baki, a tallafi kusurwar leɓe da yatsa idan ruwa na zuba. Bayan kowane abinci a share tsakanin kunci da dasashi a goge haƙora, domin abinci yana maƙalewa a can mutum bai ji ba.

Warkewa, da kuskuren matsa wa fuska

Kimanin kashi 85 cikin 100 na masu shanyewar Bell suna fara ganin motsi cikin mako uku, kuma wajen kashi 70 suna warkewa gaba ɗaya ko ba magani. Magani a kan lokaci yana ƙara wannan adadi. Bambancin yana ga irin raunin. Idan matsi ne kawai ya tsayar da saƙo, zaren jijiyar na nan, motsi zai dawo cikin makonni. Idan zaren ya mutu, sai ya sake tsirowa, kusan milimita ɗaya a rana, don haka sai an yi wata uku ko huɗu kafin a ga wani abu.

Sabon tsiron nan ba kullum yake bin tsohuwar hanyarsa ba. Zaren da ya kamata ya je baki sai ya ɓace ya je ido. Daga nan mutum ya yi murmushi ido ya tsuke, ya ƙifta kusurwar baki ta motsa, wuya ya ɗaure. Wani zaren yawu ne ke komawa wurin hawaye, sai ya riƙa hawaye duk lokacin da yake cin abinci. A wannan mataki ɓarin ba saki yake yi ba, ɗaurewa yake yi, kuma murmushin yana gazawa ne saboda tsokoki masu ja ƙasa suna kokawa da mai ja sama.

Saboda haka shawarar a yini ana tauna cingam, ana hura balan-balan, ana yamutsa fuska da ƙarfi, ba ta da amfani. Tsokar da saƙo bai isa gare ta ba ba za ta motsa don an matsa ba. Ɓarin lafiya ne zai ƙara ƙarfi ya ƙara jan bakin. Haka na'urar jan tsoka da lantarki, yawancin masu gyaran fuska ba sa ba da shawararta. Lokacin da babu motsi, tausa mai laushi da yatsu ta isa. Idan motsi ya fara dawowa, a zauna gaban madubi ana yin ƙananan motsi a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ɓarori biyu daidai: ɗan murmushi baki a rufe, a tsaya daidai inda ido ya fara tsukewa, a saki, a sake. Minti biyar sau biyu ko uku a rana cikin natsuwa ya fi awa guda ta ƙarfi. Likitan fisiyo da ya ƙware a fuska shi ya kamata ya tsara wannan. Inda ɗaurewar ta yi yawa ana yin allurar botulinum, mai sassauta tsoka, a tsokar da ke wuce gona da iri, ana maimaitawa duk wata uku zuwa huɗu.

Idan motsi bai dawo ba

A koma wurin likita idan mako uku ya wuce ba alamar sauƙi, ko wata uku ya cika ba a warke ba. Haka kuma shanyewar da ta zo a hankali tana ƙaruwa cikin makonni, ko ta kama reshe ɗaya, ko ta dawo a ɓari guda, ko ta kama ɓarori biyu, ko ta zo da raguwar ji, ba a kiranta ta Bell sai an yi hoton MRI ko CT an bincika. Gwajin lantarki na jijiya da tsoka yana nuna yawan zaren da ya mutu da ko sabo ya fara isowa.

Idan yanka ne ya tsinke jijiyar, a ɗinke ta cikin kwana uku ya fi, domin a wannan lokacin guntun da ya yanke yana amsa lantarki kuma likita zai iya gano shi. Ga idon da ya daɗe bai rufu ba, ana dasa ɗan ƙaramin nauyi na zinariya ko filatinam, kimanin giram ɗaya, cikin fatar ido ta sama, ko a ɗinke gefen fatun a rage faɗinsa.

Tsokar fuska ba ta jira har abada. Idan ta yi wata 12 zuwa 18 ba saƙo, tana fara ƙanƙancewa ta zama tabo, bayan shekara biyu kuwa da wuya ta amsa ko an kawo mata jijiya. Kafin wannan wa'adi ana iya aro reshen jijiyar tauna ko ta harshe a haɗa da ta fuska, ko a ɗauko jijiya daga ƙafa a jawo saƙo daga ɓarin lafiya. Bayan wa'adin sai dai a kawo sabuwar tsoka: a karkato ta gefen kai zuwa kusurwar baki, ko a ciro wata siririya daga cikin cinya a dasa tare da jijiyarta da jijiyoyin jininta. Wanda aka haɗa masa da jijiyar tauna, da cije haƙora yake fara koyon murmushi, sannan a hankali ya rage cizon.